Tamfol ɗin da na ɗaure a hanyar Ikko

Shekara tara ke nan cif da muka kai Yaya Bawa makwancinsa a Ƙauran Namoda, amma har yau in na ji wata tsohuwar mota tana nishi a titin tasha, sai na ɗaga kai daga kan buhuna na duba. Ni ƙanensa ne, ciki ɗaya, sana'ata sayar da hatsi. Shi kuwa direba ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kai kaya kudu a wata mota mai bodin katako da ya raɗa wa suna Tsohuwa. Duk wanda ya san su ya san ba su da sauri, shi da ita. Abokansa na tasha kan ce in ka ba Bawa goron suna ya kai, sai jaririn ya fara tafiya kafin ya isa. Yakan yi dariya ya ce, to, amma dai zai isa.

Ba zan jero muku halayensa ba. Labarin tafiya ɗaya zan ba ku, domin a cikinta na san wane ne wana, a cikinta kuma na ɗauko wani nauyi da ban sauke ba sai bana.

Shekara uku kafin rasuwarsa, babbar sallah ta faɗo a ƙarshen damina, ana tsakiyar yankan gero. A ƙauyukanmu mace takan ɗaure rago ɗaya a bayan ɗaki, ta yi ta ba shi dusa da harawa da ƙasari, shi ne asusunta. Matan Katuru da Badarawa ba sa ba kowa ragunansu ya kai Ikko, wato Legas, sai Bawa. Kowace takan yago bakin tsohon zanenta ta ɗaura wa nata a wuya, shi kuma ya haddace zanen da mai shi, ba takarda ba alƙalami. A cikinsu akwai Inna Tumba, ƙawar marigayiya mahaifiyarmu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta a ɗaki mai yoyo. Shekara biyu tana kiwon wani farin balami. Da za a ɗora shi a mota ta riƙe kunnensa ta ce, "Bawa, kwanon ɗakina bisa ƙahon wanga rago yake. Ga amana nan."

Wanda ya saba raka shi matarsa na kan gwiwa, ni kuma ban taɓa ƙetare Kwara ba, sai na ce ni zan je. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in taho da tsofaffin kaya. Saura kwana shida sallah muka tashi. Rana ba ta ƙarya, rago kuwa in ya isa Ikko bayan an sauko idi, ya zama nama kawai.

Ba mu kai Birnin Gwari ba tayar baya ta yi bindiga. Na diro ina salati, ina lalubar jak. Shi kuwa ya kashe mota, ya sauko, ya fasa goro, ya zagaya Tsohuwa sau ɗaya hannunsa a baya kamar mai duba gona. Sai da ya gama ya ɗauki sifana. Haka yake yi kowace matsala ta taso, ba ya taɓa ƙarfe sai zuciyarsa ta sauka. A lokacin haushi ya ba ni, na ga kamar yanga ce. Daga baya na lura a wannan zagayen ne ya gano ɗaya tayar ma ta kusa fashewa, muka gyara biyun a zama ɗaya.

Bayan Mokwa muka tarar tankoki sun toshe hanya, layi iya ganinka. Wuni guda muka yi a nan. Direbobi na zage-zage, wasu na kutsawa ta daji suna kafewa. Bawa ya ɗauki jarkoki biyu ya bi wata mata mai tallan doya har rijiyar ƙauyensu, ba ya jin yarenta ba ta jin nasa, ya dawo da ruwa ya shayar da ragunan ɗaya bayan ɗaya. Ko muna tafiya ma, bayan kowane ɗan lokaci sai ya tsaya ya hau bodi ya tada duk wanda ya kwanta, domin rago in ya kwanta a mota 'yan uwansa ne ke tattake shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga hanyoyinmu na yau. Mutumin da duk hikimarsa tsayawa ce, yaya zai yi a zamanin da tsayawa a daji ta zama ganganci? Tsakanin Ƙaura da Shinkafi, inda yake ajiye mota ya gaisa da manoma, yanzu direba sai ya bugo waya ya tambayi lafiyar hanya, ya jira motoci su taru, sannan a fizga a guje ba mai waiwaye. Ta Zurmi ma haka. Ban san ko zai ajiye makulli ba. Abin da na fi zato shi ne zai ci gaba da tafiya, ya rinƙa yin zagayensa a tasha kafin a tashi, yana yi wa matasan direbobi faɗa suna kiransa tsohon yayi.

A rana ta uku, kusa da Ogbomosho, bayan azahar, tiyon lagireto ya fashe. Bawa ya yi zagayensa, ya tare ɗan acaɓa ya tafi gari neman wani tiyon, ya bar ni da mota. Bai daɗe da tafiya ba hadari ya haɗo, irin na kudu, wanda ba ya sallama. To ni fa ɗan hatsi ne. Tun ina ƙarami abin da aka koya mini shi ne, in ka ga hadari, ka rufe kaya ruf, kada ka bar ko kafar allura. Na jawo tamfol na lulluɓe bodin nan, sama da gefe da baya, na ja igiya na ɗaure tamau. Na shiga gaban mota ina jin daɗin kaina, ina cewa yau Yaya zai san ya zo da mai hankali.

Sai bayan la'asar ya dawo. Wannan ne karo ɗaya a rayuwata da na ga Bawa ya yi gudu. Ya diro daga babur tun bai tsaya ba, ya zaro wuƙa ya bi igiyoyina yana datsewa. Da tamfol ya zame, tururi ya taso kamar an buɗe tukunyar tuwo. Ragunan sun miƙe wuya suna haki, harsuna waje. Farin balamin Inna Tumba, da yake shi ne mafi ƙiba, yana kwance a tsakiya, idonsa ya fara juyawa. Muka sauko da shi. Bawa ya shafa shi, ya zuba masa ruwa, ya ga ba zai tashi ba, ya fuskantar da shi alƙibla ya yi bisimilla ya yanka.

Na tsaya ruwa na dukana, ina jiran zagi, wallahi har so nake ya mare ni. Ya kwance ƙyallen zanen daga wuyan ragon ya sa a aljihu. Abin da ya ce kawai shi ne, "Sani, gero aka rufewa hakanan. Mai rai iska yaka so." Naman ya raba wa Hausawan da ke zaune a garin da wani bakanike da ya taimake mu muka ɗaura sabon tiyon. Muka shiga Ikko saura kwana biyu sallah, sauran ragunan duka da ransu, aka sayar lafiya.

Da muka dawo Katuru mata suka taru a ƙofar gidan Inna Tumba. Bawa ya durƙusa ya miƙa mata ƙyallenta, ya ce, "Inna, ragonki ya mutu ga hannuna." Ba ƙarya ya yi ba, ai shi ya yanka. Ina tsaye a bayansa, maganar tana bakina, na haɗiye ta. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ran nan wana ne ya jiƙe. Da rani ya yi ya ɗoro kwano a Tsohuwa ya rufa mata ɗakin da hannunsa, ni ina riƙe masa tsani. Bai taɓa tada mini zancen ba har ciwon da ya kwantar da shi ya tafi da shi. Na yi kukan rashinsa, na kuma yi kukan abin da na bar shi ya ɗauka mini.

Bana na ji Inna Tumba ta bar Katuru saboda halin da ake ciki, tana Shinkafi wajen 'yarta, ƙafa ta ƙi. Na ce in na ƙara jinkiri zan rasa wanda zan faɗa wa. Na je na same ta a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Bayan gaisuwa na ce, "Inna, ragonki na shekarun baya, ba Yaya ba ne. Ni na rufe su da tamfol."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Ai na sani, ɗan nan. Ranar da yag gama buga kwano ya hwaɗa mani komi, don Bawa bai iya ɓoye ma mai amana gaskiya ba. Amma yac ce kar in tada maka zance, wai kunya ta riƙe ka, kwana biyu za ka taho da ƙahwarka." Sai ta dube ni tana dariya, idonta da hawaye. "Kwana biyu hwa yac ce! Shekara goma sha biyu ina jiranka. Kai ka hi Tsohuwa nawa."

Tsohuwa an daɗe da sayar da ita ga masu gwangwan. Ɗakin da ya rufa yana can Katuru a kulle, ban san ko kwanon na nan ba. Bai bar gida na a zo a gani ba, bai bar suna a jarida ba sai wannan da nake rubutawa. Abin da ya bari shi ne yadda yake bi da abin da ya lalace a hanya, ko taya ce ko ƙane: a kashe mota, a zagaya, a ba shi lokaci. Yau in buhu ya fashe ko ɗana ya yi mini ɓarna, nakan sami hannuna a baya ina zagayawa kafin in buɗe baki. Ya yi mini zaton kwana biyu, na yi shekara goma sha biyu. Na san abin da zai ce da yana nan, yana fasa goro: to, amma dai ya isa.

Allah Ya jiƙan Yaya Bawa, Ya sa hanyar da ya bi ta ƙarshe ta fi duk waɗanda ya bi sauƙi.