Takalmin Jarumi a Ƙafar Direba

Ranar da aka cire wa Direba takalmi a ƙofar gidansu, layinmu ba wanda ya yi aikin kirki. Matar da ke kula da tufafin 'yan wasa ce ta diro daga babur, ta ce darakta na jira, a ba ta takalmin jarumi da agogonsa yanzu-yanzu. Bawan Allah ya tuɓe, ya tsaya a kan safa, babban yatsa ya leƙo ta huda yana gaida jama'a. Ga yayarsa nan tsaye riƙe da jakar tafiya.

Kafinta ne fa. Direba kuwa a talabijin ya samo sunan: shekara tara yana fitowa a wani shiri mai dogon zango, aikinsa ya buɗe wa jarumi ƙofar mota ya rusuna. Ko tuƙin bai iya ba. Amma a layinmu mai kuɗi ake ɗaukarsa, shi kuwa bai taɓa musawa ba.

Yayar nan ita ta raine shi. Ta ji a rediyo wai manyan jarumai kuɗin fitowa ɗaya ya isa sayen gida, ta buga masa waya tana guɗa. Maimakon ya faɗi gaskiya, sai ya ce, "To Yaya, ana dai taɓawa." Da ta ce za ta zo ganin arziki, ya kwaso kayan jarumi ba da sanin kowa ba.

Da mai tufafin ta tafi, shi da yayar suka shiga ɗakinsa: katifa ɗaya, zarto a rataye, wata kujera mai ƙafa uku tana jiran ta huɗu. Ya kasa ɗaga ido.

"Auta, nawa suke ba ka?"

"Kuɗin mota, Yaya. Da abincin rana, in an tuna da ni."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Sai kawai ta ce ya miƙo safar, ta zaro allura daga jaka. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, ya fito waje ƙafa ba komai.

Mai aski na tsallaken layi ya hango shi. "Tauraro! Yau nawa aka zuba maka? Ko buhun kuɗin na hanya?"

Direba ya share zufa. "Shi jarumin sai an biya shi miliyoyi yake yin mai kuɗi na awa guda. Ni shekara tara ina yi muku kyauta, kai har madubi kake riƙe min da hannu biyu. Faɗa min wa ya fi iya wasa."