Bangon Ga Sai Kankare

Shekara goma ke nan da rasuwar mahaifinmu, Saje Ayuba, tsohon soja, kuma in gaya muku gaskiya bana ban sami natsuwar zama in yi kewarsa yadda ya kamata ba. Hankalina duk ya tattara a kan bango ɗaya a gidanmu na Zuru, bangon gabas da ruwan sama ke duka, wanda gadon Mama ke jingine da shi ta ciki.

Baba ne ya gina gidan bayan ya ajiye kaki, ginin ƙasa da rufin kwano. Kowace shekara da an gama yankan dawa, sai ya fito da wani tsohon ruwan fartanya ya hau kankare farar ƙasar bara daga jikin bango. Ba ya tsayawa sai jar ƙasa ta bayyana. Ya share da tsintsiya, ya bi kowace tsaga ya ƙara buɗe ta, ya cike da kwaɓin ƙasa da ciyawa, ya yaɓe da hannunsa, sannan ya bar bangon ya sha rana kafin ya shafa sabuwar farar ƙasa. Maƙwabta su gama shafe nasu fari tas don Kirsimeti, namu yana nan ja kamar gidan da aka yi wa fashi. Mu yara kunya ta ishe mu. Shi ko ko a jikinsa, yana zagaya gida da hannu a baya kamar mai duba kurata a fareti. In muka dame shi ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma shi bai ga amfanin yi wa ƙadangare fenti ba.

Da ya rasu aka rasa mai yi. Muka watse, kowa da inda aure ko aiki ya kai shi, farar ƙasa ta yi ta ɓamɓarewa tana zuba. Autanmu Ishaya ya gaji Baba a soja, aka tura shi can arewa maso gabas. Shekara uku da suka wuce ya kira Mama ya ce yana so ya sa a yi wa gida fenti na zamani, ta huta da ganin tsufansa. Ita Mama C'lela ne harshenta, Hausa a bariki da kasuwa ta tsince ta, kuma har gobe takan haɗiye ƙananan kalmomi. Nufinta sai an kankare tsohon shafe tukuna, yadda mijinta ke yi. Abin da ya fito bakinta shi ne, "Bangon ga sai kankare." Ishaya ɗan zamanin bulo ne. A kunnensa kankare siminti ne da yashi da tsakuwa. Mama ta tafi Kanya jinyar ƙanwarta, kafin ta dawo ya turo magina sun lulluɓe gidan da siminti ta waje, an zuba shuɗin fenti mai ƙyalli. Unguwa duk ta yaba. Mama ta tsaya ta duba ta ce Allah shi yi mai albarka.

Abin da Baba ya sani a hannunsa, mu sai daga baya muka gane shi da ido. Ginin ƙasa yakan sha ruwa da damina, ya fitar da shi da rani. Siminti ya toshe masa hanyar fitarwa. Ruwa na sulalawa ta ƙarƙashin kwano ya shige tsakanin ƙasa da siminti ya kwanta. Damina biyu kacal, fenti ya fara kumbura, gindin bangon gabas ya turo ciki, ɗakin Mama ya ɗauki warin laima. Duk da haka, da 'yan'uwana suka zauna shirin addu'ar cikar Baba shekara goma da rasuwa, shawarar da suka yanke ita ce a ƙara shafa fenti don baƙi su tarar da gida fes. Na rasa barcin kirki tun daga ranar. Ina ta tambayar kaina, da Baba zai leƙo ya ga 'ya'yansa na shirin yi wa bango kwalliya matarsa na kwana a gindinsa, me zai ce? Ina jin ba zai ce komai ba, duban nan nasa na saje kawai zai yi mana.

Na je Zuru na ce wa Mama a matsar da gadonta. Na ɗauka ba ta lura ba ne. Ta kama hannuna ta kai bayan gado ta danna yatsana a bango, ya nutse kamar a malmalar tuwo. Ta ce, "Na sani, Rifkatu, tun bara. Amma in anka fasa simintin ga, yaron ga zai ji. Shi na can gaban harsashi, in ɗora mai wanga kuma? Shi ce aikinai ya kusa kashe uwatai?" Ko gadon ma ta hana a taɓa, wai kullum Ishaya ya kira ta a waya mai hoto yana ganin ɗakin, zai tambaya.

Nan na tsinci kaina gaba kura baya siyaki. In na yi shiru, bango na iya danne uwata. In na yi magana, na aika wa ƙanena damuwa inda 'yar shagala ke cin ran mutum. Na kwana biyu ina juya abin, daga ƙarshe na kira shi na gaya masa komai. Ya saurara har na kai aya. Sannan ya ce, "Yaya, wato kankarewa take nufi?" Na ce eh. Ya ce, "Ku fitar min da ita daga ɗakin nan yau, ku fasa shi." Tun ranar muryarsa ba ta koma daidai ba, kuma wannan ma wani tsoro ne da nake ɗauke da shi.

Makon jiya magini ya fara fasa simintin. Gindin bangon ya jiƙe sharkaf. Amma daga sama, inda siminti ya ɓalle falle guda, sai ga yaɓen Baba na ƙarshe a bushe, da layin yatsunsa a jiki yadda ya ja su. Magini ya ce in bangon ya sami rana sosai ana iya ceto shi, in ruwa ya riga shi kuwa bai yi alkawari ba. Ga shi kowace la'asar hadari na haɗuwa ta wajen Wasagu. Addu'ar Baba dai a gaban jan bango za a yi ta, ba fenti, kuma wannan karon ba wanda ya ji kunya.

Ban san ko ginin Baba zai kai baɗi ba. Abin da na tabbata ya bar mana shi ne taurin kan nan na buɗe tsaga a duba cikinta kafin a rufe, ko da maƙwabta na dariya, kuma na ga yadda hakan ke da ciwo in tsagar a zuciyar ɗan'uwa take. Jiya Mama ta ce in kira mata Ishaya. Ta juya wayar ta nuna masa yatsun ubansa a bango, sannan ta yi masa magana da C'lela a hankali, don kada wata kalma ta sake zamewa. Ta ce sama hannun ubansa ne, gindin kuwa ba wanda zai yaɓe sai shi. Ya ce da zarar an ba shi hutu zai taho. Mun tokare bangon da itace muna jira, shi da ruwan farko, ba mu san wanda zai riga isowa ba.