Ranar da Kaka ya ɓoye mu daga masu ƙidaya

Wata Talata ce, mako biyu bayan an gama ɗaurin gero, a shekarar da na cika tara. Muna bakin rumbu ni da ƙawayena muna carafke da tsakuwa, mata suna sussuka, sai muka hangi farar mota tana gangarowa daga kan dutse ta hanyar Ibohamane. A ƙauyenmu mota ba ta zuwa haka kawai. Kafin ta iso gindin gawon maigari, sai kakana, Kaka Illa, ya shigo gida da sandarsa yana haki. Ya ce mini, "Rabi, kwance awaki, ki kwashi ƙannenki ku tahi kwazazzabo. Kada ku hito sai na aiko."

Mahaifina yana Abijan ci-rani a lokacin, saboda haka maganar Kaka ce doka a gidan. Tsoho ne dogo, mai noman gero a tudu da albasa a fadama, kuma bai taɓa yarda da mutumin da ya zo da kaye, wato littafin rubutu, da alƙalami ba. Yakan ce iyayensa sun auna wa Abzinawa gero, shi ya fasa wa Nasara dutse a aikin dole, yanzu kuma 'ya'yan ƙasa suna karɓar lanho, harajin da ake ɗora wa kowane kai. "Gwamnati ba ta ƙidaya abin da ba ta da niyyar ci," in ji shi. A ganinsa, a bar talaka da gonarsa da maigarinsa da limaminsa, ya ishe shi. Ƙanen mahaifina, Baba Salifu, wanda yake koyarwa a lakwal ɗin Keita, bai yarda da haka ba. Duk hutun da ya zo sai sun kwashi gardama a zaure, shi yana lissafa hanya da likita da allurar ƙyanda, Kaka yana tambayarsa ko hanyar ta taɓa biyowa ta ƙofar gidansu.

Ran nan ba mu kaɗai muka ɓuya ba. Kusan kowane gida ya turo yara da dabbobi, kwazazzabon ya cika da mu, manya suna toshe wa ƙanana baki. Da rana ta take, wata akuyarmu ta ƙwace ta haura gangare, na bi ta da gudu, sai ga ni gaba da gaba da direban motar, ya fito kewayawa. Ya dube ni, ya leƙa ƙasa ya ga taron yara da awaki, na ga bakinsa yana motsi kamar mai lissafi. Ya tambaye ni ɗiyar wa ce ni. Na ce baƙuwa ce daga Urno, kamar yadda aka koya mana, amma da ya miƙo mini alawa ya sake tambaya, sai na ji bakina ya ce, "Jikar Illa." Ya yi murmushi ya tafi. Ban gaya wa kowa ba.

Baƙin suka rubuta ƙauyenmu da rabin mutanensa, dattawa suka yi ta murna sun yi wa gwamnati wayo. Bayan wata biyar aka ji ƙarar injin haƙa a ƙauyen da ke gaba da mu. Ashe ƙidayar ta rijiyar famfo ce, kuma an ba ƙauyen da ya fi yawan jama'a a takarda. Daga ranar ni da jakarmu muka san hanyar nan kamar tafin hannu, tafiyar hantsi guda a kan duwatsu, mu bi layi a bayan masu gari. Kaka bai yi nadama ba. Ya ce rijiyar tarko ce, su jira su ga abin da za a karɓa a bakinta.

Sai kuma takardar lanho ta iso, babu kan da aka tsallake a cikinta, har da wata tsohuwa da aka ɓoye a rumbu ran nan. Gari ya ɗauki zargi. Maƙwabta suka daina aron turmi, kowa yana kallon kowa. A ƙarshe ido ya tsaya kan Baba Salifu, tunda shi ne mai cin albashin gwamnati. Da ya zo hutu, Kaka ya tare shi a tsakar gida.

"Kai ka ba su sunayenmu?"

"Baba, wallahi ban ba su ba. Amma da kun bari an ƙidaya ku, da yau Rabi ba ta tahiya ɗibar ruwa."

"To, tahi wurin uwarka gwamnati ta ba ka tuwo."

Ina tsaye da tulu a kaina, ina tuna sunan da na faɗa wa direba, sai na wuce na juye ruwan a randa. Baba Salifu ya ɗauki jakarsa, bai sake kwana a gidan ba sai da aka yi zaman makokin Kaka.

Sai da na yi aure a Buza na iya faɗa wa Baba Salifu maganar direban. Ya yi dariya har da hawaye. Ya ce masu rijiya da masu lanho ba su ma san ofishin juna ba, sunayen kuwa tun fil azal suna cikin littafin maigari. Na so in yarda da shi. Har yau ban tabbata ba.

Yanzu ina sayar da albasa a kasuwa, ina biyan tikiti kowane mako, kuma ban san inda kuɗin yake zuwa ba. 'Ya'yana suna gardamar gwamnati a waya da mutanen da ba su taɓa gani ba, in sun gaji su kashe, ba wanda ya rasa komai. A gidanmu gardamar nan ta raba uba da ɗa shekara goma sha ɗaya, alhali kowannensu gidan yake ƙoƙarin karewa. Ina kewar muryoyinsu, su duka biyun.