Madarar Dympna

A garinmu Kilfarra, duk wanda ya shiga gida ya tarar ana kaɗa nono, sai ya kama sandar kaɗin ya buga sau biyu ya ce Allah Ya yi albarka. In ya ƙi, to da albarkar man shanun gidan zai fita. Ko limamin coci, da yake kiran abin camfi, na sha ganinsa yana naɗe hannun riga.

Dympna 'yar birni ce, Malachy Hession ya auro ta daga Limerick. Tana amarya ta shiga gidan Attracta Tuohy aron gishiri, ta tarar ana kaɗi, ta gaishe su da fara'a, ta karɓa ta fice ba ta taɓa sandar ba. Ranar har hannun Attracta ya yi kanta, man bai fito ba. Daga baya Dympna ta rantse ba wanda ya taɓa gaya mata al'adar. To, wataƙila. Amma ni dai ban ga dalilin da zai sa mace ta rasa gishiri a kicin ɗinta ranar ɗaya ga Mayu ba, ranar da ko garwashi ba a ba maƙwabci, kada albarkar gida ta bi shi.

Abin da ya ƙara tsaya mana a rai, shanunta uku kacal, amma man da take kaiwa kasuwa ya fi na masu bakwai. Malachy ya ce tsafta ce kawai da tashin asuba. Tashin asuban ne ma ya dame mu, don an ce an ga sawunta a bakin rijiyar waliyyi kafin raɓa ta bushe, lokacin da masu kwashe albarkar shanun mutane ke ɗibar ruwa.

Ba mu taɓa yi mata rashin mutunci ba. Muna gaisawa a ƙofar coci. Abincinta ne dai ba ya shiga bakinmu, ita kuwa babu abin da take so a duniya kamar a ci. In an yi haihuwa ko rashin lafiya, ita ce ta farko da burodi shafe da mai, a yi godiya, tana juya baya a ba kaji. Haka har ta yi furfura.

Da Malachy ya rasu, gari kaf ya cika gidan makoki, don shi namu ne. Aka zuba shayi. Dympna ta ɗauko butar madara da kanta, idanunta jajur, ta fara bin mutane. Kowa ta zo gabansa sai ya rufe kofinsa da tafin hannu, ya ce baƙi yake sha. Har ta kai kan Attracta, wadda ta tsufa tukuf, ta tsaya.

"Attracta, ɗigo ɗaya. Don shi, ba don ni ba."

Attracta ta daɗe tana kallon butar, wallahi har na ji tausayi ya kama ni. Sannan ta ce a hankali, "Allah Ya ji ƙansa, 'yar'uwa. Likita ya hana ni."

Dympna ta gyaɗa kai, ta wuce wurin na gaba.