Zarton Suruki

Shekara arba'in Kafinta yana share garin katako daga bakin zarto da babban yatsansa. Da 'yarsa ta haihu a ƙasar waje, ya je ganin jika, ya ce shi zai haɗa wa jaririn gado. Zarton surukinsa na lantarki ne, ko an kashe ba ya tsayawa nan take. Hannu kuwa ya riga ya saba.

A asibiti 'yar ce tafinta. Likita ya yi magana, ta yi shiru.

"Me ya ce, uwata?"

"Baba, wai yatsan ba zai ɗinku ba."

Ya daɗe yana kallon hannun. Gadon yana can jingine da bango, ƙafa uku.