Furar da Bara'atu ke Ɓoyewa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Rajab, matata Bara'atu Garba ta rasu a gidanmu na unguwar Minanata, bayan zazzaɓin da bai ko ba mu damar tsorata ba.

Bara'atu, ba haka muka shirya ba. Ni ne mai ciwon karkarwa, wanda likita ke kira Fakinsin. Ni ne ake zuwa dubawa. Ke kuma kika riga ni.

Tun da likita ya ce nono da nama na tare wa maganina hanya in aka haɗa su da shi lokaci guda, kika zama mai gadin cikina. Mutanenmu kuwa ba su zuwa dubiya hannu sake, sai da ƙwaryar fura da nono. Mayarwa abin kunya ne. Sai ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, ki ɓoye bayan randa har yamma. In na yi ƙorafi ki ce, "Malam, wanga nono ba gudu zai yi ba."

Da hantsi ki fitar da ni rana kamar shanyar gero, wai don ƙashi. Ga zogale, ga miyar kuka, ga ƙwayar ƙarin ƙarfin ƙashi da ba ki taɓa mantawa ba. Na yi miki tsiya, amma ban taɓa faɗuwa ba.

Safiyar jana'izarki maƙwabta suka tausaya mini. Suka dama fura mai kauri, suka ba ni tare da maganin, wai in samu ƙarfi. Hankalina ba ya jikina, na shanye. Da aka ɗauko ki, ƙafafuna suka manne a bakin zaure. Na roƙe su, na doke su da sanda, suka ƙi. Ina tsaye aka sha kwana da ke.

Yanzu kowane taku tsoro ne. In na faɗi ƙugu ya karye, wa zai ɗaga ni? Ɗiyarmu Adawiyya na ƙoƙari, amma tana jin nauyin baƙi, kuma ƙoren fura sai shigowa suke yi.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke yadda kika shayar da ni. Ya ba Adawiyya da 'yan'uwanki na unguwar Gidan Dare haƙuri. Ni kuma Ya ara mini ƙafafu, ko sau ɗaya, in iso inda aka kwantar da ke. Amin.