Yadda Dakta Ya Ja San Baba Cindo

Wata rana da damina, san huɗar Baba Cindo ya kafe a lakar fadama har ƙirji.

Shi kaɗai ne dukiyar tsohon. Ga gona ko kunya ɗaya ba a tayar ba.

Jama'a suka kawo fatanya suna haƙe lakar gefensa. Haka ake yi: a sassauta ƙasa, a zura igiya ta bayan ƙafafun gaba, a ja sannu a hankali.

Sai ga Dakta Mutawakkilu, ɗan dagaci, a motarsa, ya taka burki.

Shekara tara ya yi a Turai yana karatun kalma ɗaya. Eh, ɗaya! Kalmar “ja” a harsunan su Rasha.

Ya tsaya bisa tudu don kada takalminsa ya ɓaci, ya buɗe lacca. Wai kakannin Rashawa da 'yan Poland da Cek tsohuwar kalma guda suke da ita, ita ta haifi “tyanut” ta Rasha, har sunan jirgin ƙasa a Poland jikanta ne.

Sa yana ta huci. Baba Cindo yana kallon rana.

Can Dakta ya sa aka ɗauko igiyar motarsa, ya ce a zarga wa san a wuya.

Baba Cindo ya ce, “Ranka ya daɗe, ba a jan sa ta wuya. Zai shaƙe.”

“Baba, littafi na rubuta a kan ja. Kai me ka rubuta?”

Tsohon ya duba fuskoki. Kowa ya sunkuyar da kai. Wa zai musa wa ɗan dagaci?

Mota ta yi ƙara. Igiya ta miƙe.

Sa bai gusa ko taki ɗaya ba. Harshe ya zazzalo, ido ya juye.

Baba Cindo da kansa ya faɗa lakar da wuƙa, ya yanka abinsa kafin ya zama mushe.

Dakta ya leƙo ta taga, ya ce ai igiyar ce ba ta da inganci. Ya ja motarsa ya tafi.

Tsohon kuwa da fartanya ya yi noman bana.

Darasi: Ni da na tsallake katangar makaranta tun aji biyu na san wuyan sa ba ƙugiya ba ne. Wanda zai yi asara idan abu ya ɓaci, shi ake saurare, ba mai kwali ba.

Ku tura wa Daktan gidanku. In ya yi fushi, ku ce ni na aiko ku.